Mayanka Ta Zama Makarantar Girki: Sharhi a Kan Tsarin Cikin Ginin Medina Sidonia

1.0 Gabatarwa

Tsohon gini yakan lalace ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai a ƙaurace masa, a bar shi ga damina da gara da jemagu har rufinsa ya rufta, ko kuma a ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa, a yi ta fasa bangonsa ana cusa bututu da waya har a wayi gari sunansa kaɗai ya rage. Masana adana kayan tarihi sun daɗe da yarda cewa ginin da ake shiga ana fita ya fi wanda aka kulle tsawon rai. Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda masu gyaran tsofaffin gine-gine ke komawa gare ta har yau, ta ƙarfafa a sama wa tsohon gini aiki mai amfani ga jama'a, da sharaɗin kada aikin ya sauya tsarinsa da adonsa. Faɗar wannan sharaɗi ba wuya, cika shi ne jidali, musamman idan sabon aikin koyar da girki ne, domin girki yana zuwa da wuta da ruwa da hayaƙi da maiƙo, waɗanda dukkansu abokan gabar tsohon bango ne.

Wannan maƙala za ta yi sharhi a kan yadda aka tsara cikin wata makarantar koyar da sana'ar girki a garin Medina Sidonia na kudancin ƙasar Sifaniya, wadda aka kammala a 2011 a cikin tsohuwar mayankar garin. Masu zanen ginin su ne María González da Juanjo López de la Cruz, masu ofishin zane mai suna Sol89 a birnin Sevilla, wanda littattafan tarihin Andalus ke kira Ishbiliya. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, babbar tambaya a irin wannan aiki ita ce inda za a ajiye murhu. Masu zanen sun amsa ta daidai, amma amsar tasu ta ci wani abu daga tarihin wurin, kuma abin da ta ci yana cikin abubuwan da ɗalibin girki ya fi bukatar gani.

2.0 Garin da Ginin

Medina Sidonia gari ne a kan tudu a lardin Kadis na yankin Andalus, mai mutane kimanin dubu 12. Sunansa kansa tarihi ne. Kashi na farko kalmar Larabci ce, wato madina, kashi na biyu kuwa ana danganta shi da birnin Saida na ƙasar Labanan ta yau, ɗaya daga cikin biranen Finikawa, fataken teku da suka kafa sansanoni a wannan gaɓa. Rumawa sun riƙe garin da sunan Asido. Musulmi sun ci shi a 712 a ƙarƙashin Musa bin Nusair, ya kuma zauna a hannunsu fiye da shekara 500, sai a 1264 Sarki Alfonso na 10 na Kastila ya karɓe shi. Har yau akwai wata ƙofar ganuwa ta zamanin Musulmi a tsaye, mai baka irin ta takalmin doki, ana kiranta Arco de la Pastora. Garin ya yi suna da wata alewa mai suna alfajor, wadda ake haɗawa da zuma da almond da riɗi da kanumfari da kirfa, kuma ana danganta sunanta da Larabci. Karkarar da ke kewaye da shi ƙasar kiwo ce, ta jajayen shanun da ake kira retinta. Ke nan garin yana da tsohuwar alaƙa da abinci da kuma nama, don haka kafa makarantar girki a cikinsa ba baƙon abu ba ne.

Ita mayankar an gina ta ne a ƙarni na 19, zamanin da hukumomin garuruwan Turai suka shiga raba mahauta da yanka a bayan shagunansu. Napoleon ya ba da umarnin gina mayankun hukuma guda 5 a Paris a 1810, aka buɗe su a 1818, daga nan wannan tsari ya bazu. Manufar ita ce a tattara jini da wari wuri ɗaya inda jami'an lafiya za su sa ido, a kuma kau da yanka daga idon jama'a. Wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan gine-gine suke da doguwar katanga da ƙarancin tagogi ta waje. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 sai sababbin dokokin tsafta da manyan masana'antun nama suka kashe musu kasuwa. An rufe ta La Villette a Paris a 1974, ta Testaccio a Rum a 1975, ta Madrid a 1996. Garuruwa da yawa suka tashi da kangon mayanka a tsakiyarsu.

Ta Medina Sidonia ƙarama ce. Ta ƙunshi abubuwa uku: ɗakuna masu kaurin bango na dutse da bulo da suka kewaye wata tsakar gida, da fili inda ake tsare dabbobi kafin a yanka su, da doguwar farar katanga da ta zagaye duka. A cikin ginin akwai tsofaffin ginshiƙan dutse waɗanda masu zanen suka ce na Finikawa ne, an ɗauko su daga ɗakin bautar Hercules da ya daɗe da ɓacewa. Ɗaukar dutsen tsohon gini a sa a sabo al'ada ce da aka sani a duk ƙasashen da ke gaɓar Bahar Rum, kuma tana nuna cewa tun ranar da aka gina mayankar, da kayan wasu aka gina ta.

3.0 Abin da Ɗakin Koyar da Girki Ke Nema

Kafin a yanke wa aikin hukunci, ya kamata mai karatu ya san nauyin da aka ɗora wa masu zanen. Ɗakin girkin makaranta ya sha bamban da madafar gida, inda tukunya ɗaya ko biyu ke kan wuta. A nan ana kunna murahu masu yawa a lokaci guda, na awowi da dama, kowace rana.

Abu na farko shi ne hayaƙi da tururi. Kowane jerin murahu yana bukatar rumfar ƙarfe a samansa mai zuƙe iska, da bututu mai faɗi da zai kai ta waje ta saman rufi. Maiƙo yakan taru a cikin wannan bututu, kuma taruwarsa na cikin manyan musabbaban gobara a gidajen abinci. Saboda haka ana son bututun ya zama gajere, miƙaƙƙe, mai sauƙin buɗewa a wanke, nesa da katako. Haka kuma duk iskar da aka zuƙe dole wata ta shigo ta maye gurbinta, in ba haka ba wutar gas ba za ta ci da kyau ba.

Abu na biyu shi ne ruwa. Ana wanke daɓe da bango kullum, don haka ana bukatar magudanai a ƙarƙashin daɓe, da tarkon maiƙo kafin ruwan ya shiga magudanar gari. A tsohon gini, wannan yana nufin tona ƙasa kusa da harsashi.

Abu na uku shi ne doka. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 852 ta 2004, wadda ta fara aiki a 2006, ta shar'anta cewa daɓe da bangon wurin sarrafa abinci su kasance waɗanda ba sa shan ruwa, masu wankuwa, a kuma tsara wurin yadda ƙazanta ba za ta tsallaka daga wani aiki zuwa wani ba. Daga nan ne masu sana'ar suke bin ƙa'idar cewa kaya su yi ta tafiya gaba kada su koma baya: daga ƙofar karɓa zuwa ɗakin sanyi, zuwa wurin gyarawa, zuwa wuta, zuwa tebur, kwanukan da aka ci a cikinsu kuma su bi wata hanya dabam.

Abu na huɗu ya shafi koyarwa. Malami yana son ya ga hannun kowane ɗalibi, domin wuƙa da tafasasshen mai ba sa jiran a juyo. Ɗaki mai ginshiƙai da lungu-lungu yana hana shi wannan.

Yanzu a dubi tsohon bango. Bangon dutse da bulo da aka ɗaure da kwaɓin farar ƙasa yana shan danshi daga ƙasa, ya kuma fitar da shi ta fuskarsa. Idan aka rufe fuskar da siminti da tayil, danshin ba shi da mafita, sai ya hau sama, ya tara gishiri a bayan tayil ɗin, ya riƙa cin bangon daga ciki. Wato abin da dokar tsafta ke nema shi ne ainihin abin da ke kashe irin wannan bango. Wannan shi ne ƙullin da duk mai mayar da tsohon gini makarantar girki zai kwance.

4.0 Yadda Aka Tsara Cikin Ginin

4.1 Raba Wurin Dafawa da Wurin Ci

Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na rabon ayyuka. Masu zanen sun kai ɗakunan girki da azuzuwa cikin filin da a da ake tsare dabbobi, inda babu tsohon gini sai katanga. Tsofaffin ɗakunan da ke kewaye da tsakar gida kuwa aka ba su aikin karɓar jama'a, wato zauren cin abinci da wurin shaye-shaye. Da wannan rabo kaɗai aka warware yawancin matsalolin da aka lissafa a sama. A sabon sashe ana iya tona magudana yadda ake so, a fitar da bututun hayaƙi kai tsaye, a yi bango mai santsi da wankuwa, a kuma buɗe ɗaki yadda malami zai ga ɗalibansa. Tsohon sashe kuma an ɗora masa aiki marar nauyi, domin tebur da kujera ba sa bukatar a fasa bango.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce, amma sau da yawa masu kuɗin aiki sukan ƙi ta, domin suna son hoton murhun zamani a ƙarƙashin tsohuwar baka. Ƙin biye wa wannan sha'awa shi ne alheri mafi girma da aka yi wa mayankar Medina Sidonia.

4.2 Rufi Ɗaya da Ƙananan Tsakar Gida

Wanda ya hango Medina Sidonia daga nesa zai ga fararen bangaye da jajayen rufin gasasshen yumɓu suna bin gangaren tudu. Masu zanen sun ɗauki wannan siffa suka yi rufi guda, lulluɓe da gasasshen yumɓu, wanda ya rufe filin, yana tashi yana sauka, inda ya tashi haske ya shigo daga sama. Sabon ginin ya fake a cikin tsohuwar katanga, bai fito ya yi gogayya da maƙwabtansa ba.

Mai karatu zai iya cewa rufi ai maganar waje ce. Amma a nan rufin ne ya tsara ciki. Tun da katanga ta kewaye filin, ba a da hanyar samun haske da iska ta gefe sai an huda ta, kuma huda ta ɓata ta ne. Don haka aka nemi haske daga sama, aka kuma bar ƙananan wurare a buɗe a tsakanin ɗakuna, kamar 'yan ƙananan tsakar gida. Waɗannan suna aiki kamar bututun iska: iska mai zafi ta tashi ta fita, mai sanyi ta shigo ta ƙasa. A ƙasar da bazararta ke da tsananin zafi da rashin ruwa, wannan ragi ne ga na'urar sanyaya ɗaki. Bugu da ƙari, an tsara a shuka ganyayen ƙanshi na girki a cikinsu, domin ɗalibi ya tsinko da hannunsa. Darasi ne mai kyau ga wanda watakila bai taɓa ganin ganyen ba sai a leda.

A 2012 ƙungiyar masu masana'antar tayil ta Sifaniya, ASCER, ta ba aikin kyautarta ta zanen gini. Ya dace a lura cewa kyautar ta masu yumɓu ce, kuma yumɓun rufin ne ya fi ɗaukar ido a hotunan da suka yaɗa sunan ginin.

4.3 Farar Ƙasa, Kankare da Ginshiƙai

A tsohon sashe an yi abubuwa uku. An yaɓe bango da kwaɓin farar ƙasa mai kaushi, wanda yake barin bango ya fitar da danshinsa, kuma shi ne kayan da magina garin suka sani tun kaka da kakanni. An tallafi ginshiƙan dutsen aka bar su a wurarensu. Sannan an maye gurbin tsofaffin benaye da kankare, amma aka zuba shi a kan katakon da aka jera yadda zai bar sawunsa a jiki, domin ya tuna wa mai kallo da tsohon salon rufin katako.

Na farko da na biyu ba su da abin suka. Na uku yana bukatar tsokaci. Yarjejeniyar Venis tana son abin da aka maye gurbi da shi ya dace da tsohon, amma a iya gane shi sabo ne, don kada a yi wa tarihi ƙarya. Kankare mai sawun katako ya cika wannan sharaɗi, domin ba wanda zai ɗauke shi aikin ƙarni na 19. Sai dai kankare yana da nauyi, kuma idan aka ɗaure shi da tsohon bango, raba su daga baya aiki ne mai ɓarna. Katako kuwa ana cire shi a sa wani ba tare da an taɓa bango ba. A ginin da jama'a ke taruwa kusa da wuta, ana iya fahimtar dalilin fifita kankare, amma ya kamata a san cewa an sayi ƙarfi da kariyar gobara ne da kuɗin 'yancin waɗanda za su gaji ginin.

5.0 Wata Hanyar Dabam: Greystone ta Amurka

Domin a ga cewa hanyar Medina Sidonia zaɓi ce, ba tilas ba, yana da kyau a dubi wani misali. A garin St. Helena na jihar Kalifoniya akwai wani katafaren ginin dutse mai hawa uku mai suna Greystone, wanda aka kammala a 1889 don sarrafawa da ajiye giyar inabi. Girgizar ƙasa ta 1989 ta yi masa lahani. Daga baya makarantar Culinary Institute of America ta mallake shi, aka ƙarfafa shi don jure girgiza, aka buɗe shi a matsayin reshenta a 1995. A can an shigar da murahu cikin tsohon ginin kansa, aka mayar da hawa na sama babban ɗakin koyarwa guda, buɗaɗɗe.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne, Greystone tun asali masana'anta ce mai faɗin ɗakuna, kuma hawan sama yana dab da rufi, don haka hayaƙi ba shi da doguwar tafiya. Ribar ita ce ɗalibi yana yini a cikin tsohon ginin, yana aiki a tsakanin duwatsunsa. Kuɗinta kuwa shi ne dole a hau da ruwa da gas da kayan abinci har hawa na uku, a kuma sauko da ƙazantaccen ruwa ta cikin tsohon gini. Ƙaramar mayanka irin ta Medina Sidonia ba za ta ɗauki wannan ba.

Ita wannan makaranta ta Amurka tana da wani misalin a babbar cibiyarta ta Hyde Park a jihar Niyok, wadda a da gidan horar da limaman ɗariƙar Jesuit ne. Ta saye shi a 1970, ta koma cikinsa a 1972, ta kuma mayar da babban ɗakin ibadarsa zauren cin abinci. A nan ma ɗaki mafi daraja an ba shi tebur ne, an hana shi murhu. Ke nan ƙa'idar ita ce a auna ƙarfin ginin tukuna, domin iya ruwa fid da kai.

6.0 Inda Aikin Ya Rage

Yabon da aka yi bai hana a faɗi inda aka gaza ba, kuma wurare huɗu ne.

Na farko, an ceci ɗakuna ne da ran fili. A mayanka, filin da ake tsare dabbobi rabin labarin ne: nan dabba ke shigowa da ƙafarta, ta huta, a duba lafiyarta, kafin a wuce da ita ciki. Masu zanen sun ɗauki wannan fili a matsayin wurin da babu komai, suka rufe shi. Wanda ya shiga bayan gyaran zai ga ɗakuna da 'yan tsakar gida, amma ba zai ga dangantakar fili da ɗakin yanka ba, wadda ita ce ainihin tsarin ginin. Idan aka auna da sharaɗin Venis na kada sabon aiki ya sauya tsari, a nan an sauya shi, ko da yake ba a rushe bango ba. Masu adana tarihi sun saba kare bango su manta da fili, alhali kuwa sau da yawa filin ne ke bayyana abin da bangon yake yi.

Na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne batun tunawa. A bayanin da masu zanen suka bayar, kaushin farar ƙasa suka ɗora wa nauyin tuna wa mutane tsohon aikin wurin. Wannan magana ce da mai zanen gini zai fahimta, amma yaro ɗan shekara 18 da ya zo koyon sana'a ba zai dubi farin bango mai kaushi ya ga mahauci ba. Ga shi kuwa babu wurin da ya kai tsohuwar mayanka dacewa da koya wa mai girki cewa naman da ke kan katakonsa daga rai ya fito, kuma akwai wata sana'a a gaban tasa wadda ta cancanci girmamawa. A Madrid, da aka mayar da babbar mayankar birnin cibiyar al'adu mai suna Matadero, an bar tsohon ɗakin sanyinta da tabon gobarar da ta taɓa cin sa, ana baje kolin zane a ciki. Tabon yana magana da kowa, mai ilimi da marar ilimi. A Medina Sidonia hankali ya fi karkata ga ginshiƙan Finikawa, masu tarihi mai daɗin faɗa, fiye da aikin jini da wuƙa wanda dominsa aka yi ginin. Doguwar katangar ƙarni na 19 ta ɓoye yanka daga idon gari, gyaran 2011 kuma ya ƙarasa ɓoye shi daga idon ɗalibai.

Na uku, rabon da aka yi ya sa tsohon gini ya zama na baƙi, sabo ya zama na masu aiki. Gaskiya ne ɗaliban irin wannan makaranta suna koyon hidimar tebur, don haka suna shiga zauren cin abinci. Duk da haka, yawancin awowin mai koyon girki a gaban murhu suke. Da an ware ko da ɗaki ɗaya na tsohon sashe ga aikin da ba ya bukatar wuta, kamar darasin sanin sassan nama da tarihin abincin yankin, da an haɗa ɗalibi da ginin ta hanyar da ta fi ɗaukar faranti.

Na huɗu shi ne kulawa. Rufi mai tashi da sauka yana da kwaruruka masu yawa, kuma kowane kwari da kowace 'yar tsakar gida wuri ne da ganye zai toshe indararo ruwa ya kwanta. Shuka a gefen ɗakin girki tana jawo ƙwari, dokar tsafta kuwa tana neman a sa raga a tagogin da ake buɗewa idan akwai bukata, raga kuma tana rage iskar da aka yi tsakar gidan dominta. Bango mai kaushi yana riƙe ƙura, sai an riƙa sabunta masa farar ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin magani, amma dukkansu suna bukatar mai kula na dindindin da kasafin kuɗi na kowace shekara, abin da hoton ranar buɗewa ba ya nunawa.

7.0 Abin Lura Game da Namu Gine-gine

Sauya wa tsohon gini aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gidan Makama na Kano, wanda ake danganta asalinsa da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wani sashensa ya zama gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa ta Nasarawa a 1909, shi ma ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Waɗannan ayyuka ne marasa wuta da ruwa, shi ya sa ginin ƙasa ya iya ɗaukarsu. Ranar da wani zai kawo shawarar buɗe wurin koyar da girkin gargajiya a irin waɗannan gidaje, ko a wani tsohon gidan sarauta ko na attajiri, darasin Medina Sidonia zai yi amfani, domin bangon tubali da azara sun fi dutse da bulo tsoron danshi da wuta. Duk wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin ƙasa bayan 'yan damina, yadda yake ɓanɓarowa da naman bango, ya san wannan.

Magabata ma haka suka tsara gida. Madafa tana tsakar gida ko a 'yar rumfa a gefe, nesa da ɗakin kwana da rumbu, baƙo kuma a zaure ake kai masa abinci. Wato wuta a fili, ci a soro. Abin da za a kiyaye shi ne kuskuren da aka nuna a sama: kada a cike tsakar gida da sabon gini har a rasa gane gidan, kada kuma a goge alamar sana'ar da aka yi a cikinsa don neman tsafta ta ido. Malaman tarihi da na tattalin gida suna iya fara wannan tun daga aji, ta hanyar sa ɗalibai su zana tsarin wani tsohon gida na unguwarsu, su nuna inda wuta take, inda ruwa ke bi, inda hayaƙi ke fita, su kuma faɗi dalili.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa makarantar girki ta Medina Sidonia ta yi nasara a babban abin da ake nema, domin ta kai murhu da magudana inda ba za su cuci tsohon bango ba, ta nemi haske da iska daga sama maimakon huda katanga, ta kuma yi gyara da farar ƙasa irin wadda ginin ya sani. Ta haka aka kuɓutar da ginin da aikinsa ya ƙare, aka ba shi wani. An kuma nuna cewa nasarar ta zo da asara: fili ya tafi, kankare ya ɗaure hannun na baya, tarihin yanka kuma ya dushe a wurin da ya fi dacewa a koyar da shi. Duk hukuma ko al'ummar da ke da tsohon gini a hannu, kuma take tunanin mayar da shi makarantar girki, ya kamata ta nemi amsar tambayoyi biyu daga mai zane kafin a taɓa bango: a ina za a kunna wuta, kuma mene ne ɗalibi zai gani da idonsa da zai gaya masa abin da wurin yake a da.